Komawa gona a Birnin Gwari: Shin kowace allurar sarar maciji ce magani?

Tun ƙarshen watan Nuwamba na 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka ƙulla sulhu da 'yan bindiga, aka kuma sake buɗe kasuwar shanu bayan ta yi shekaru a rufe, manoma da dama sun fara komawa gonakin da suka gudu suka bari. Ɗorewar sulhun magana ce ta jami'an tsaro da shugabanni. Abin da ya shafe mu a matsayinmu na likitoci shi ne abin da manomi zai tarar a gonar da ta yi shekaru ba ta ga fartanya ba.

Gonar da ta zama saura takan cika da ciyawa da ƙirare da ramukan ɓeraye, kuma duk inda ɓera ya yi yawa maciji ba ya nisa. Yankin Birnin Gwari daji ne mai faɗi, ga Kamuku, ga Kuyambana, ga ƙauyuka irin su Kuyello, Dogon Dawa, Randagi da Kakangi da ke da tazara da babban asibiti. An daɗe da sanin cewa sarar maciji ta fi yawa a lokuta biyu, wato lokacin sharar gona da shuka, sai kuma lokacin kaka, sa'ad da ake ɗaga damin hatsi da hannu. Don haka tambayar da ya kamata iyalai su yi tun yanzu ita ce: idan maciji ya sari wani namu, wane magani za a yi masa, kuma ta yaya za mu san yana aiki?

Amsar tana cikin awo iri uku da ake yi wa wannan magani. Biyu ana yin su ne a ɗakin bincike tun kafin kwalba ta iso kanti, na ukun kuma a gefen gadon majiyyaci.

Macizan da suka fi yi mana ɓarna

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ne ke mutuwa duk shekara a duniya sakamakon sarar maciji. A Najeriya, adadin da hukumomin lafiya suka saba ambata shi ne kimanin sara 20,000 da mutuwar kimanin mutum 2,000 a shekara, ban da waɗanda ake yanke wa hannu ko ƙafa. A 2017 ne hukumar ta duniya ta sa sarar maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, sannan a 2019 ta fitar da shirin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030.

A arewacin Najeriya macizai uku ne suka fi kai mutane asibiti. Na farko kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa. Ƙarama ce, amma ita ta fi kowanne kisa a yankinmu. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon ciwo, wani lokaci har a cikin ƙwaƙwalwa ko ciki. Sunan gobe-da-nisa yana sa mutane su ɗauka cewa wanda ya kwana ya tashi ya tsira. Ba haka ba ne. Sau da yawa mutum yana zaune yana hira, jininsa kuwa ya daina daskarewa, sai bayan kwanaki ya faɗi. Idan ba a yi magani ba, cikin mutum goma da ta zuba wa dafi ana iya rasa ɗaya ko biyu.

Na biyu kasa, wadda dafinta ke kawo mummunan kumburi da ruɓewar nama. Na uku kumurci, mai tofa dafi a ido, wanda kan shiga ɗaki da dare ya sari mai barci, shi ma yana ruɓar da nama. Akwai kuma gamsheƙa, wadda dafinta ke kashe jijiyoyi: fatar ido ta sauko, haɗiya ta gagara, numfashi ya yi wuya.

Mene ne a cikin kwalbar?

Allurar sarar maciji ba irin maganin da ake haɗawa da sinadarai a masana'anta ba ce kamar farasitamol. Daga jinin dabba ake samo ta. Ana tatsar dafin maciji, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurar ɗan kaɗan daga ciki, ana ƙarawa sannu a hankali tsawon watanni. Jikin dabbar sai ya ƙera sinadaran garkuwa da ke kama wannan dafi su hana shi aiki. Daga nan a ɗebi jininta, a ware ruwan jinin, wato ɓangaren nan mai launin ɗorawa da ke tasowa sama idan ƙwayoyin jini suka kwanta, a tace sinadaran garkuwar daga cikinsa a zuba a kwalba. Wani likita Bafaranshe, Albert Calmette, shi ya buɗe wannan hanya a shekarun 1890, kuma har yau ita ake bi.

Abin lura a nan shi ne kowane sinadarin garkuwa tamkar mabuɗi ne da aka yanka wa kwaɗo ɗaya. Dokin da aka horar da dafin macizan Indiya, garkuwar macizan Indiya zai samar. A Indiya akwai 'yar'uwar kububuwa, sun yi kama a ido, har sunansu na kimiyya ya fara da kalma ɗaya. Amma dafinsu ya bambanta, kuma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane ba.

Awo na farko: gwaji kafin a kai ga mutum

Tunda ba za a gane ƙarfin maganin da ido ba, dole a auna shi. Masu bincike kan fara gano adadin dafin da ke kashe rabin ɓerayen gwaji. Sai su ninka wannan adadi sau uku zuwa biyar, su gauraya shi da magani a ma'auni daban-daban, su ajiye na minti 30 a ɗumi irin na jikin mutum, sannan su yi wa rukunin ɓeraye allura. Bayan kwana ɗaya ko biyu a ƙirga waɗanda suka rayu. Da haka ake sanin dafi nawa kwalba ɗaya za ta iya karyawa.

Ga kububuwa akwai ƙarin gwaji da ake yi da ruwan jinin mutum. Idan aka ɗiga dafinta a cikin ruwan jini a kwalbar gwaji, nan da nan sai ya daskare. Mai karatu zai ce, ai yanzu aka ce dafin hana daskarewa yake yi. Duka biyun gaskiya ne. Dafin yana tayar da daskarewa a ko'ina cikin jiki ba tare da dalili ba, har sinadaran daskarewar da hanta ta tanada su ƙare ƙaf. Bayan nan ko ƙaramar tsaga aka yi wa mutum jinin ba zai tsaya ba. To a ɗakin bincike ana duba ko maganin zai hana dafin daskarar da ruwan jinin. Ana kuma duba ko zai hana zubar jini a ƙarƙashin fata da ruɓewar nama.

Wannan gwaji yana da iyakarsa. Ɓera ba mutum ba ne, kuma a rayuwa ba a gauraya dafi da magani kafin sara. Dafin yakan riga maganin da awanni, wani lokaci da kwanaki. Maganin da ya ci gwajin ɓera yana buƙatar a gwada shi a kan mutane. Amma wanda ya faɗi gwajin ɓera da dafin macizanmu, babu dalilin kai shi gadon asibiti.

Abin da sakaci da awo ya jawo

An ga sakamakon hakan a zahiri. Wani bincike da aka wallafa a 2008 daga wani asibitin karkara a Ghana ya nuna cewa da aka sauya maganin da aka saba amfani da shi zuwa wani mai araha da aka yi a Indiya, mace-macen waɗanda maciji ya sara sun tashi daga kashi 1.8 cikin ɗari zuwa kashi 12.1. Asibiti ɗaya, maciji iri ɗaya, kwalba kawai aka sauya.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Idan iyali suka sayar da buhunan masara suka sayi kwalba uku ko huɗu, majiyyaci kuma ya rasu, ƙauye gaba ɗaya zai yanke cewa maganin asibiti ba ya aiki, a koma wajen masu tsaga da tofi. Su kuma kamfanonin da ke yin mai kyau sai kasuwarsu ta mutu, domin mai araha ya kore su. Kamfanin Sanofi Pasteur na Faransa ya daina yin maganinsa mai suna Fav-Afrique a 2014, kuma kwalaben ƙarshe sun lalace a watan Yuni na 2016, duk da kukan da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi a kan hakan.

Najeriya ta taɓa nuna yadda ake yin abin daidai. A ƙarƙashin shirin EchiTAb, an kama macizai daga nan gida aka kai su makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Liverpool a Ingila, aka tatsi dafinsu. Da wannan dafi aka yi magani biyu: EchiTAb G, wanda kamfanin MicroPharm ke yi da tumaki a Birtaniya domin kububuwa kaɗai, da EchiTAb-Plus-ICP, wanda cibiyar Clodomiro Picado ta ƙasar Kosta Rika ke yi da dawakai domin kububuwa da kasa da kumurci. Bayan gwajin ɗakin bincike, an gwada su a kan majiyyata 400 a Kaltungo ta jihar Gombe, aka wallafa sakamakon a 2010. Awa shida bayan allurar farko, jinin kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka ba kwalba uku ta EchiTAb-Plus ya dawo yana daskarewa, haka ma kusan kashi 76 na waɗanda aka ba kwalba ɗaya ta EchiTAb G. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin waɗanda suka yi wannan aiki, kuma ya ci gaba da jagorantar binciken sarar maciji a Kano.

Awo na biyu: tsawon zaman magani a cikin jini

Kama dafi abu ɗaya ne, daɗewa a jiki har dafin ya ƙare wani abu ne daban. Maciji yakan zuba dafinsa a cikin nama, daga nan dafin ya riƙa tsiyaya cikin jini a hankali, kwana ɗaya, biyu, har fiye. Idan magani ya fita daga jiki da wuri ta ƙoda, dafin da ya shigo daga baya ba zai tarar da mai tare shi ba, sai jinin da ya gyaru ya sake tsinkewa.

Ana gano wannan ne ta hanyar ɗibar jini lokaci bayan lokaci, a ware ruwan jinin, a auna yawan magani da yawan dafin da ke yawo a ciki. Irin wannan awo ya nuna cewa maganin da aka yi da gutsuren sinadarin garkuwa yana saurin ratsa jiki amma yana saurin fita, cikakken sinadarin kuwa yana yin kwanaki. EchiTAb na farko da aka gwada a Najeriya a shekarun 1990 gutsure ne. Wanda ya gaje shi, mai harafin G, cikakke ne.

Masu yin magungunan ciwon daji na zamani sun kai wannan awo matuƙa. Akwai wani rukunin magani da ake ɗaure guba mai kashe ƙwayar daji a jikin sinadarin garkuwa, shi kuma ya ɗauke ta ya kai ta kan ƙwayar cutar kai tsaye. Kadcyla, wanda Amurka ta amince da shi a 2013, da Enhertu na 2019, duka na sankarar mama, suna cikin wannan rukuni. Kafin a ba mutum ko ɗigo, sai an auna abu uku a ruwan jinin dabbobin gwaji: jimillar sinadarin garkuwa, wanda har yanzu yake ɗauke da gubarsa, da gubar da ta kwance tana yawo ita kaɗai. Idan ɗaurin bai yi ƙarfi ba, gubar za ta zube a hanya ta cutar da hanta da ɓargo. Na farko a wannan rukuni, Mylotarg na ciwon dajin jini, an amince da shi a 2000, aka janye shi a 2010 saboda illarsa, sai a 2017 ya dawo da ƙaramin ma'auni da ake rarrabawa.

Mun kawo wannan misali ne domin a ga bambanci. Maganin daji da na maciji 'yan gida ɗaya ne, duka sinadaran garkuwa ne. Ɗaya ana bin diddigin kowane ɓangarensa a jini kafin a sayar, ɗaya kuwa an yi shekaru ana shigo da wasu nau'o'insa Afirka ba tare da wata shaida a fili cewa an gwada su da dafin macizan nan ba. Wannan giɓi ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara tantance magungunan da ake sayarwa a Afirka kudu da Sahara ɗaya bayan ɗaya, kuma EchiTAb G yana cikin waɗanda suka tsallake.

Awo na uku: gwajin minti 20

Wannan shi ne awon da iyali za su gani da idonsu, kuma tushensa a jihar Kaduna yake. A shekarun 1970, Dakta David Warrell da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi nazarin waɗanda kububuwa ta sara, suka bayyana wani gwaji mai sauƙi da yanzu ake amfani da shi a Afirka da Asiya.

Ma'aikacin lafiya zai ɗebi jini kamar mililita biyu daga jijiya, ya zuba a sabuwar kwalbar gilashi mai tsabta, busasshiya, ya ajiye ta ba a taɓawa har minti 20. Sai ya karkata ta sau ɗaya. Idan jinin ya daskare, madalla. Idan ya kwarara kamar ruwa, dafi ya shiga jini, kuma ana buƙatar magani ko da majiyyaci yana cewa lafiyarsa lau. Dole kwalbar ta zama ta gilashi. A cikin roba ko sirinji jinin mai lafiya ma yana iya ƙin daskarewa.

Bayan an ba da magani, ana maimaita gwajin bayan awa shida, domin kusan lokacin da hanta ke buƙata ke nan ta mayar da sinadaran da suka ƙare. Idan har lokacin jinin bai daskare ba, ana ƙara magani. Idan an ƙara sau da yawa babu canji, likita zai yi shakkar kwalbar kanta. Saboda dafin da ke iya tasowa daga baya, kada a matsa a sallami majiyyaci don an ga ya wartsake. Ko wanda gwajinsa na farko ya yi kyau, ana son ya kwana a asibiti a sake dubawa.

Labarin "maganin kowane maciji"

A watan Mayu na 2025 labari ya bazu a Facebook da WhatsApp cewa an samo maganin dafin kowane maciji daga jinin wani Ba'amurke, Tim Friede, wanda ya bari macizai suka sare shi fiye da sau 200. Gaskiyar abin da mujallar Cell ta wallafa ita ce: an haɗa sinadaran garkuwa biyu daga jininsa da wani magani na uku, aka gwada a kan ɓeraye da dafin macizai iri 19. An samu cikakkiyar kariya daga 13, da kariya ta wani ɓangare daga sauran shida. Ci gaba ne na gaske. Sai dai gwajin ɓera ne, kuma duka macizan 19 dangin gamsheƙa ne; babu kububuwa, babu kasa. Manomin Birnin Gwari na wannan damina da maganin doki da tunkiya zai dogara. Kada kuma wani ya kwaikwayi mutumin nan, domin shi kansa ya taɓa kwanciya rai a hannun Allah.

Abin da iyali za su yi

Idan sara ta faru, a janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe, agogo, awarwaro da takalmi kafin kumburi. A ɗaura wa hannun ko ƙafar sanda kamar yadda ake yi wa karaya domin kada ta motsa, a ɗauke shi a babur ko mota; kada a bar shi ya taka in da hali. Idan yana amai a kwantar da shi ta gefen hagu.

Kada a ɗaure da igiya ko roba, wannan ɗauri ya jawo wa mutane da yawa rasa ƙafa. Kada a yi tsaga, domin jinin da ba ya daskarewa ba zai tsaya ba. Kada a tsotsa da baki, kada a ɓata lokaci da baƙin dutse, kada a ɗura masa jiƙo. Kada a ba shi asfirin, ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya isa. Idan kumurci ya tofa a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, sannan a tafi asibiti. Ba sai an kashe macijin ba. Hoto daga nesa ya wadatar, in ba a samu ba alamun jiki da gwajin jini za su nuna wa likita hanya.

A asibiti, iyali suna da haƙƙin yin tambaya cikin ladabi: an yi gwajin minti 20? Wane magani za a ba shi? Idan an rubuta muku ku sayo, ku duba takardar kwalin: a ga sunan kububuwar Afirka ta Yamma, Echis ocellatus, a jerin macizan da aka yi maganin da dafinsu, a ga lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Idan na ruwa ne, a tabbata daga firiji aka ɗauko shi, kuma bai yi gurɓi-gurɓi ba. Ta jijiya ake ba da shi, a asibiti kaɗai, domin yana iya tayar da borin jini mai tsanani da ke buƙatar allurar adirenalin a kusa. Yaro da babba ma'auni ɗaya ake ba su, tunda maciji bai rage dafi don yaro ne ba. Mai juna biyu ma ana ba ta, kuma ita ta fi kowa buƙatar gaggawa.

Rigakafi kuwa ba shi da tsada: dogon takalmin roba lokacin sassabe da girbi, tocila da dare, taɓa dami da sanda kafin a sa hannu, nisanta rumbu da tarin itace daga ɗakin kwana, da kwana a kan gado cikin gidan sauro da aka cusa gefensa.

Kira ga hukuma

Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna tafiyar kimanin kilomita 120 ce, ban da nisan da mutum zai yi daga ƙauyensa zuwa gari. Asibitocin da suka ƙware a sarar maciji, Kaltungo a Gombe da Zamko a Filato, sun yi wa mutumin Randagi nisa. Idan gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma suna ƙarfafa wa mutane gwiwa su koma gona, ya dace shirin ya haɗa da ajiye maganin da aka gwada da dafin macizanmu a babban asibitin garin da manyan cibiyoyin lafiya na gundumomi, tare da kwalaben gilashi, adirenalin, da horar da ma'aikata a kan gwajin minti 20. A kuma riƙa rubuta kowace sara da sunan maganin da aka bayar da yadda ta ƙare, domin ta haka ne asibitin nan na Ghana ya gano an sauya masa magani da wanda ba ya aiki.

Sarakuna, limamai da shugabannin ƙungiyoyin manoma su ma suna da rawar takawa: kafin damina ta kankama, kowane ƙauye ya san asibitin da ke da maganin, da lambar wanda zai ɗauki majiyyaci ko da tsakar dare ne.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare manomanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.